Mai Gudu da Mai Kora: Tarihin Karɓar 'Yan Gudun Hijira a Ƙasar Gumel

Gagarawa Tasha tana cikin garuruwan nan da jirgin ƙasa ya haifa. Sunanta ma ya isa shaida, gama kalmar tasha aro ce daga Ingilishi, ba ta kuwa zauna a bakin Hausawa ba sai da aka shimfiɗa dogo. Hanyar jirgin ta iso Kano cikin 1911, sa'an nan aka miƙa reshe gabas, ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori, ya dangana da Nguru cikin 1930. Garin yana ƙarƙashin masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu na arewacin Jihar Jigawa, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Daga Maigatari kuwa taki kaɗan mutum zai yi ya shiga Jamhuriyar Nijar.

Ƙasa ce ta bakin iyaka tun kafin Turawa su zo, ta san hari, ta kuma san masu gudun hari. Amma cikin shekarun Boko Haram wani abu ya yaɗu a Arewa wanda kakanninmu ba su saba da shi ba, shi ne a ga mutum ya zo a guje da tabarmarsa da 'ya'yansa, maimakon a tambaye shi abin da ya koro shi, sai a yi zaton ko shi ne abin gudun. Nufina a wannan takarda in bi sawun wannan zato, mu ga inda ya samo asali.

Ya kamata mu fara duban kalmomin da kansu. Bahaushe yana da ƙaura, watau sauya mazauni don ganin dama, yana da cin rani, watau tafiya neman abinci bayan kaka a komo da faɗuwar ruwa. Wanda tsoro ya kora kuwa, sunan da aka ba shi ɗan gudun hijira. Hijira kalmar Larabci ce mai daraja ƙwarai. Da ita a ke kiran fitar sahabbai zuwa Habasha wurin Najashi, da fitar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daga Makka zuwa Madina cikin 622, da kuma tashin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Degel zuwa Gudu cikin 1804. Ashe tun a wajen suna harshen ya riga ya tsaya wa mai gudu, ya jera shi da mutanen kirki. Ta'addanci kuwa daga ta'adda ya fito, ita ma Larabci ce, ma'anarta ta fari ƙetare haddi da yin ɓarna. Gidajen rediyo da jaridu ne suka keɓe ta ga mai kashe bayin Allah don ya firgita sauran. Akwai kalma ta uku da ta yi wata irin tafiya mai ban mamaki, ita ce sansani. A da sansani mazaunin mayaƙa ne a bayan garin da suka zo ci. Yanzu ga shi a kan ce sansanin 'yan gudun hijira, kalmar mai kora ta koma kan mai gudu. Ba na cewa kalma ce ta jawo zato, amma ba abin rainawa ba ne a ce harshe ya rasa sunan da zai ba wurin da a ke tara baƙi a killace sai da ya ara daga fagen yaƙi. Dalili kuwa shi ne a da ba a tara su a killace.

An kafa sarautar Gumel wajen 1750, Mangawa ne tushenta, ta kuwa bi Barno tana kai gaisuwa. Da jihadi ya tashi, aka ci Kano da Katsina da Daura da Haɗeja, amma Gumel ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Wannan ya bar ta a matse tsakanin manyan maƙwabta, Kano a kudu maso yamma, Haɗeja a gabas, Damagaram a arewa. Jihadin nan kuwa ya watsa gidajen sarauta da yawa zuwa arewa. Katsinawa suka kafa Maraɗi wajen 1819 ƙarƙashin Ɗan Kasawa, Gobirawa suka zauna Tsibiri, zuriyar sarakunan Daura suka fake a Zango da Ɓaure. Duk gefen nan na arewa ya zama matattarar waɗanda aka kora.

Dakta Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, ya ga Gumel sau biyu, abin da ya gani kuwa ya nuna mana yadda zaman lafiya ya ke da rauni a wancan zamani. Cikin watan Maris 1851, a ƙarshen zamanin Ɗan Tanoma, ya tarad da gari cike da mutane, babbar kasuwar kanwa tsakanin Barno da ƙasar Hausa. Da ya komo ta nan a ƙarshen 1854, sai ya iske rigimar gadon sarauta ta cinye garin, ya zama kamar kufai. Shekara uku da 'yan watanni ke nan. A wannan lokaci kuma Buhari Sarkin Haɗeja ya yi wa Sakkwato tawaye, ya dinga kai hari ko'ina har ya mutu a yaƙin Gorgoram cikin 1863. Ga Tanimu Sarkin Damagaram da bindigoginsa da igwa, ga Ahmadu Kuran Daga wanda ya kai yaƙi har ƙasar Kano a ƙarshen ƙarnin. Bayan Rabe ya ci Kukawa cikin 1893, mutanen Barno suka yi ta kwararowa yamma. Talakan Gumel na ƙarni na 19 bai kwana da ido biyu rufe ba.

To, a nan ne abin lura ya ke. Duk da wannan bala'i, ba mai gudu a ke tsoro ba. Hari yana da kama, yana da lokaci, yana da hanya. Bisa doki ya ke zuwa, galibi da rani sa'ad da ƙasa ta bushe, rumbu kuma ya cika, an kuma san ko daga Damagaram ne ko daga Haɗeja. Maganinsa ganuwa da sarƙaƙiya da 'yan leƙen asiri. Mai gudu kuwa shi ne ma mai kawo labari, ganinsa shi ke sa a kaɗa ganga a shigo da dabbobi. Bayan wannan, a zamanin da daji ya fi mutane yawa, arzikin sarki jama'a ce. Kowane magidanci da ya zo ya sari gona, ƙarin haraji ne, ƙarin baka da kwari ne a kan ganuwa. Saboda haka sarakuna har gasa su kan yi wajen jawo talakawan juna.

Akwai kuma hanyar da a ke bi a san baƙo. Ba ya sauka sai a gidan wani. In fatake ne, fatoma ya ke nema, wanda zai ba shi ɗaki, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa in magana ta taso. In mai neman zama ne, mai masaukinsa zai kai shi wurin mai unguwa ko bulama, a ji daga ina ya fito, ɗan wane ne, me ya ke yi, kāna a nuna masa fili. Daga ran nan laifinsa yana wuyan mai masauki. Wannan tsari shi ya sa mutanen gari su ke kwana da rai kwance ko da rabin unguwa baƙi ne, domin kowane baƙo yana da wanda za a tambaya.

Kada mai karatu ya ɗauka zamanin nan na tausayi ne zalla. Mai gudun da bai sami mai tsaya masa ba, sau da yawa a kasuwar bayi ya kan ƙare. Haka kuma masu hijira su kan zama abin tsoro in sun yi ƙarfi. Maraɗawa sun hana Katsina barci shekara da shekaru, malaman nan kuma da suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano tare da Malam Hamza wajen 1846, suka fake a duwatsun Ningi, magadansu sun addabi Kano da Bauci da Zazzau. Amma waɗannan runduna ce mai sarki da gari, kowa ya san inda ta ke. Ba wanda ya dubi tsohuwa da jikokinta a ƙofar gari ya ce mayaƙan Ningi ne.

Zuwan Turawa ya kawo abu biyu, iyaka da kuma hukuma mai zargin matafiyi. Faransa ta ci Damagaram cikin 1899, Sarkin Gumel Ahmadu ya bi Ingilishi cikin 1903. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi daji suna kafa alamun iyaka, har Tumbi, tsohon mazaunin sarakunan Gumel, ta faɗa ɓangaren Faransa. Dangi ɗaya suka wayi gari 'yan ƙasa biyu. Game da zargi kuwa, Satiru ce mafarinsa. Wani malami makaho, Ɗan Makaho, ya gudo daga ƙasar Faransa bayan wani tawaye, ya fake a Satiru kusa da Sakkwato. Cikin Fabrairu 1906 mutanen garin suka karya rundunar Ingilishi, cikin Maris aka komo aka shafe garin da kisa mai muni. Tun daga nan Turawan mulki suka ɗauki baƙon malami mai yawo abin sa wa ido, suna tsoron Mahadiyya, suka dora wa sarakuna da hakimai aikin kawo rahotonsa. A ganina wannan ne karo na fari da hukuma a ƙasar nan ta haɗa mai gudu da mai tayar da fitina a ma'auni guda.

Talakawa dai ba su bi su a kan wannan ba. Cikin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 mutanen arewa suka gangaro ƙasar Kano ba iyaka, da yawa suka mutu a hanya. Bayan Faransa ta murƙushe yaƙin Kawusan a Agadas cikin 1917, Buzaye da Asbinawa suka shigo Katsina da Kano. Waɗansu kuma harajin Faransa da aikin tilas suka koro, gama ba a soke aikin tilas a can ba sai 1946. Duk an karɓe su bisa tsohuwar hanya, Ingilishi ma ba su ƙi ba, tun da ƙarin masu biyan haraji ne da masu noman gyaɗa.

Gyaɗar nan ita ta raya tasha. Garin tasha ya bambanta da tsohon gari, ba shi da ganuwa, ba a kuwa tambayar asalin kowa sosai, domin kusan kowa zuwa ya yi, daga ma'aikatan jirgi da akawunan kanti na Kudu har 'yan dako da 'yan cin rani daga hayin iyaka. Abin baƙin ciki, garuruwan dogo na Arewa su ne kuma suka ga baƙinsu sun zama 'yan gudun hijira. Cikin kashe-kashen 1966 mutanen Gabas suka bar shaguna da gidajen da suka shekara a ciki, jirgin da ya kawo su shi ya kwashe waɗanda suka tsira. Wanda zai rubuta tarihin karimcin Arewa da gaskiya, tilas ya rubuta wannan shafi a ciki.

Juyin da ya fi girma ya zo ne cikin Disamba 1980. Muhammadu Marwa, wanda a ke kira Maitatsine, mutumin arewacin Kamaru ne, an taɓa korarsa daga Kano cikin 1962, ya komo ya tara almajirai a 'Yan Awaki. Rikicinsa ya ci rai 4,177 bisa ƙidayar hukuma. Ga abin da ya sa ya bambanta da harin Damagaram: mayaƙansa ba daga waje suka zo bisa dawaki ba, a cikin gari su ke, suna sayar da shayi da yankan farce, ba mai iya rarrabe su da sauran 'yan cin rani. Nan da nan magana ta bazu cewa aikin baƙi ne. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Aniagolu, aka kuwa ga mafi yawan waɗanda aka kama 'yan Nijeriya ne, amma zancen baƙi ya riga ya shiga kunne. Da fitinar ta sake ɓulla a Bulumkutu ta Maiduguri da Kaduna cikin 1982, ga kuma kuɗin man fetur ya faɗi, aiki ya yi wuya, sai gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, cikin Janairu 1983. Wajen mutum miliyan biyu suka fita, mafi yawansu 'yan Gana, da 'yan Nijar masu ɗimbin yawa. An yi haka alhali Nijeriya tana cikin ƙasashen Afirka ta Yamma da suka ƙulla yarjejeniyar walwalar shige da fice cikin 1979. Korar ba ta kashe wutar ba, gama ta tashi a Jimeta cikin 1984, ta kuma tashi a Gombe cikin 1985.

Gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa cikin Afrilu 1984, ba a buɗe ba sai 1986, bayan an hamɓarar da ita. Rufewar ta faɗo daidai da babban farin da ya ƙone amfanin gona a Nijar. Mutanen da kakanninsu suka gangaro kudu cikin Kakalaba suka iske ƙofa a garƙame, hatsi kuma ba ya hawa arewa sai a ɓoye. Har yau a ƙasar Hausa ta Nijar sunan da a ke kiran yunwar nan El-Buhari. Ga mai nazarin harshe, wannan suna hukunci ne da talakawa suka yanke.

Da wannan gado aka shiga zamanin Boko Haram. Bayan rikicin Maiduguri na Yuli 2009 da kashe Muhammad Yusuf, ƙungiyar ta komo da bama-bamai. Ta kai wa Kano hari ran 20 ga Janairu 2012, ta kai wa babban masallacin Juma'a na birnin ran 28 ga Nuwamba 2014. Cikin 2014 kuma ta fara ɗaura wa mata da 'yan mata bam tana tura su kasuwanni da tashoshin mota. Ban san wata dabara da ta yi wa al'adar karɓar baƙo illa kamar wannan ba. Mace mai goyo da yarinya mai hijabi su ne ainihin surar mai neman mafaka, su ne waɗanda ko a zamanin hari ba a tsoro. Da aka mai da su makami, sai tausayi kansa ya zama abin fargaba. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ƙasar Gumel ba ta zama fagen wannan yaƙi ba. Jigawa gaba ɗaya ta sami sauƙi in an gwada da Yobe da Kano da su ke maƙwabtaka da ita, harin da aka kai Gwaram cikin Afrilu 2014 kuwa can kudancin jihar ne. Amma tsoro ba ya bin ƙidayar gawa. Rediyo da wayar hannu sun kai ƙarar kowane bam cikin kowane zaure, shingayen bincike a kan hanya kuma suna tuna wa matafiyi da hatsari safe da yamma. Mutumin da bai taɓa ganin hari ba ya kan fi wanda ya gani zargin baƙo, domin shi ba shi da abin da zai gwada jita-jita da shi. Haka aka gani a Turai bayan harin birnin Faris na Nuwamba 2015, inda zargi ya faɗa kan mutanen Siriya, alhali su ma irin waɗannan mahara suka guje wa.

Duk da haka, ga abin da ya auku a zahiri. Cikin 2015 waɗanda rikicin ya raba da gidajensu a Nijeriya sun haura miliyan biyu, mafi yawansu kuwa ba sansani suka shiga ba, gidajen mutane suka sauka, wurin dangi ko abokin ciniki ko tsohon malami ko surukai. Watau tsarin mai masauki, wanda ba ya cikin kowace doka, shi ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfin gwamnati. Inda mai gudu ya sami wanda ya san shi, ya kai shi wurin mai unguwa, zato ya kan mutu cikin 'yan kwanaki. Inda ya sauka tashar mota ba ya da kowa, nan ne a ke nuna shi da yatsa, mai gidan haya ya ce ɗaki ya ƙare da zarar ya ji daga Barno ya ke.

Hukumomi kuwa sun fi karkata ga kamun jimla. Bayan harin tsibirin Karamga cikin Afrilu 2015, gwamnatin Nijar ta kwashe mutanen tsibiran Tafkin Cadi, dubban 'yan Nijeriya, galibi masunta, aka maido su ta Gaidam a Jihar Yobe, bayan tafiyar ƙasa mai wahala cikin zafin bazara. Mutanen Jigawa su ma sun ɗanɗana. Cikin Yuni 2014 sojoji suka tare ayarin motoci a Jihar Abiya kan hanyar Fatakwal, suka tsare matafiya 486 bisa zargin Boko Haram. Da yawa daga cikinsu 'yan Jigawa ne masu zuwa neman abinci, irin tafiyar da iyayensu suka saba. Sojoji suka ce sun sami wani da su ke nema a ciki, daga baya aka saki mafi yawansu. Abin da mutumin Gagarawa ya ke zato ga mutumin Bama, shi aka zata gare shi a Abiya, don dalili guda: ya isa inda ba mai tsaya masa.

Iyakar Maigatari ta sake rufuwa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sa'an nan daga Agusta 2023, bayan juyin mulkin Nijar, zuwa Maris 2024. Kowane karo babbar kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis ita ta fara jin jiki, tare da dillalai da fatomomin da sana'arsu ke nan sanin wanda ya zo da wanda ya tafi. Cikin 2019 ɗin nan kuma gudu ya juya arewa. 'Yan bindiga suka kori dubun dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina, suka ƙetara jihar Maraɗi, shekara ɗari biyu bayan hijirar Ɗan Kasawa. Ƙauyukan bakin iyaka suka buɗe musu gidaje da rumbuna tun kafin agaji ya iso. Da aka ga mahara suna iya biyo su har can, gwamnatin Nijar da Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka matsar da waɗansunsu nesa da iyaka, suka zaunar da su a gefen waɗansu ƙauyuka, rijiya ɗaya da makaranta ɗaya da asibiti ɗaya tare da mutanen gari.